Kumfa Ɗaya

A lungunmu na Cicadas, gabashin Bandung,
ruwa na dukan kwano tun la'asar,
mahaifina na dukan ƙarfe,
ban san wa zai riga wani gajiya ba.

Mang Odang suke ce masa.
Yana da kututturen itacen jati da ya girme ni,
tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi.
A nan yake kwantar da fallen ƙarfe,
ya ɗauki gudumar katako,
ya yi ta lallashi, ya yi ta juyi,
har shimfiɗaɗɗen abu ya yi ciki,
ya yi kafaɗa, ya yi ƙugu,
ya fara kama da tankin babur.

An ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.
Shi da sanyinsa yake dukan nasa,
don wuta ta cinye masa ido:
yana ta rufe na hagu,
na dama kuwa inuwa kawai yake tsinta.
Tafin hannunsa ke gani yanzu.
Ya shafa, ya tsaya, ya ce: nan akwai tudu.
In kawo fitila in duba,
sai na karkata kai sau uku kafin in gan shi.

Ni ce mai wutar, ni Nengsih.
In sauke baƙin gilashi, duniya ta mutu,
sai ɗan tafkin ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa
yana tafiya, ina binsa da numfashi a riƙe.
Ɓari biyu da ya ƙera, ni ke ɗinke su.
Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Wannan tankin na Yayat ne, mai sayar da taliya a bakin kasuwa.
Shekara uku yana tara canji a gwangwanin madara
don tsohon babur ɗin da babansa ya bari
ya tashi daga tsatsa.
Gobe da asuba za su gangara bakin teku,
shi da abokansa bakwai.

Na toshe bakin tanki, na ɗura iska,
na bi ɗinkin da ruwan sabulu.
Shiru. Shiru. Shiru.
Can ƙarƙashi, inda hannu ba ya son shiga,
kumfa ɗaya ta kumbura,
ta fashe,
wata ta maye gurbinta.

Na yi gum.
Na ce a raina: ɗan danƙo zai rufe, fenti ya binne,
tsohon ai ba ya gani.

Sai ya miƙo hannu ya karɓa.
Ya lashi leɓensa na ƙasa,
ya bi ɗinkin da shi a hankali
kamar mai sumbatar goshin jariri.
Daidai wurin ya tsaya.
Iska ta tona ni.

Bai yi faɗa ba.
Ya ce: fetur bai san fenti ba, Neng.
Ƙasan nan inji ne mai zafi,
samansa kuma ɗan wani ne.

Na kankare ɗinkina da magagari,
ina jin kunya har cikin haƙori.
Na sake kunna wuta. Zafi ya murɗe gefe,
ya koma kan kututture ƙarfe goma sha ɗaya na dare,
maƙwabciya ta buga taga tana mita,
gahawarmu ta huce, ƙudaje biyu sun nutse a ciki.

Wajen ƙarfe uku na sake shafa sabulu.
Muka zuba wa tanki kunne, ni da shi,
ruwan sama ma ya ɗauke.
Babu abin da ya motsa.

Yayat ya zo kafin kiran salla,
ya shafa tankin, ya yaba sheƙinsa.
Bai duba ƙasa ba. Ba wanda ke dubawa.
Ya buga babur, lungu ya ɗauka,
mahaifina ya bi ƙarar da fuska har ta sha kwana,
sannan ya laluba aljihu ya ce:
ina allina?