Mai Awara a Gindin Dutsen Qingcheng

Ƙarfe uku na dare nake tashi,
kafin zakarun maƙwabcina Guan su farka,
in wanke dutsen niƙa, in tsamo wake
daga ruwan da ya kwana yana sha.
Shekara ashirin da shida ke nan.
Hannuna ya fi ni sanin aikin.

Duk Laraba nakan hau dutse
da kwando biyu a sandar gora,
matakala ɗari takwas, gajimare har gwiwa,
zuwa ɗakin ibadar nan mai yoyo
inda tsohuwa Lu Shouzhen take shara,
gashinta a ƙulle da tsinken itace,
shuɗiyar rigarta ta koɗe a kafaɗa.

Shekarar da ɗana ya tafi Shenzhen bai waiwayo ba
na iso ina huci, na dire kwando da ƙarfi.
Ba ta ko ajiye tsintsiya ba.
Ta ce, "Dongsheng, numfashinka a maƙogwaro yake kwana.
Wa ya hana shi shiga gida?"
Na ce, ina gidan?
Ta ɗora yatsu uku ƙarƙashin cibiya.
"Ga murhu nan. Kai kuwa a kan rufi kake hura wuta."

Ta tsayar da ni a gindin tsohon itace,
gwiwa a sake, harshe manne da ganɗa,
hannuwa sun rungumi tulun da babu.
Na ce, sai kuma me?
Ta ce, "Shi ke nan."

Cinyoyina suka kama rawa. Sauro ya samu abinci.
Hankalina ya sauka kasuwa, ya ƙirga bashi,
ya hau jirgin ƙasa har Shenzhen,
ya zazzaga wa yaron nan abin da ke bakinsa,
ya dawo ya same ni ina gumi.

Na ce, Uwa, wannan Tao da kuke faɗa,
ta ina ake kama shi?
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"In ka zuba ruwan tsami a madarar wake, me kake yi?"
Na ce, in juya sau uku, in rufe.
"Daga nan fa?"
In ƙyale shi.
"In ka ci gaba da juyawa?"
Asara. Sai dai aladu su yi murna.
Ta koma shararta.
"To me ka hawo nema a nan?"

Damina bakwai ta wuce tun ranar.
Yanzu idan na rufe tukunya
nakan tsaya a gefenta cikin duhu,
ni da ita, kowa da murfinsa.
Numfashi yakan gangara a hankali
kamar guga a rijiya mai zurfi,
wata rana ya taɓo ruwa, wata rana igiya ta gaza.
Akwai ɗumi kaɗan can ƙasan ciki,
bai kai garwashi ba, amma ba ya mutuwa.
Fushin bai tafi ba, kar in yi ƙarya.
Ya dai daina zama a kujerata.

Bara, lokacin sanyi, tsohuwa ta rasu a zaune.
Wanda ya gaje ta yaro ne mai tabarau,
daga kanti yake sayen awara.
Duk da haka nakan hau, in share ganye, in sauko.

Daren sabuwar shekara waya ta yi ƙara.
Muryarsa ta yi kauri, ban gane ta ba da farko.
Ya ce, "Baba," sai ya yi shiru.
Magana dubu ta taso mini har haƙori,
ludayi yana hannuna.

Na ajiye shi.
Muka yi shiru tare, ni a nan, shi a can,
tururi yana fita ta gefen murfi,
abin da ke ciki yana haɗa kansa.