Abin da Laka ta Riƙe

Da asuba muke barin Makoko,
ni da Sewanu mai kwale-kwale,
da bututun roba shida, da guduma,
da tsohon kamfas ɗin mahaifina a aljihun riga.
Hayaƙin masu bandar kifi ya raka mu har ƙarƙashin gada.
A sama motoci sun fara faɗa da ƙaho,
a ƙasa ruwa bai ce uffan ba.

Sewanu ya ce, Dakta Barira,
kowa kifi yake nema a gulbin nan,
ke kaɗai kike biya a kamo miki taɓo.
Na yi dariya. Shekara ashirin da bakwai ke nan
yana faɗa, ina dariya.

Mukan kafa bututu, mu doka, mu doka,
har kafaɗa ta fara roƙon gafara,
sai mu zaro shi da nauyin jariri,
baƙi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Kafin komai sai in zana kibiya a jikinsa:
nan ne arewa, yau, ƙarfe bakwai da kwata.
In ka manta kibiyar, ka ɗauko laka kawai.

A Akoka nake yanka shi sala-sala kamar alkaki.
Cikin kowane yanki akwai ƙwayoyin ƙarfe
da ido ba ya gani,
waɗanda, lokacin da suke nutsewa a hankali,
suka juya fuska ga arewar zamaninsu
kamar masu daidaita sahu,
laka ta rufe su a haka,
ba su sake motsi ba.

Ni aikina in tambaye su: ina kuka kalla?

Wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsakar awo,
in zauna cikin duhu da shekara dubu uku a tafin hannu
ina jiran Folake ta tayar da janareta.

Ga kamu ɗaya baƙi wuluk, shekarun ruwa,
ƙurar furen itacen gaɓa ta cika shi maƙil.
Ga wani siriri, fari-fari, mai yashi:
nan sama ta yi rowa,
ciyawa ta ci daji,
wasu mutane da ba su bar mana suna ba
suka ɗaure kaya.

Baba tela ne a Agege.
Ya sauka Ikko a jirgin ƙasa da keken ɗinki da kamfas,
don kada birni ya ɓatar masa da alƙibla.
Ran da na gaya masa arewar allura tana yawo,
har ma duwatsun ƙarƙashin teku sun shaida
ta taɓa komawa kudu ɗungurungum, ba sau ɗaya ba,
sai ya cire zare daga baki,
ya daɗe yana kallon abin a hannunsa.
Ya ce, to, allurar ce ke yawo, ba Ka'aba ba.
Ya miƙo min. Riƙe, ke kika fi ni buƙata.

Bara ruwa ya shiga shagonsa har gwiwa,
shekara huɗu bayan mun kai shi makwanci.
Ɗalibai na tambaya, Malama, me zai faru da Legas?
Nakan ce ni jiya na karanta.
Amma na ga inda gishiri ya taɓa hawa,
na ga layinsa a bututu na goma sha tara,
kuma teku ba ta manta hanyar gidan da ta taɓa kwana.

Watan gobe zan miƙa makullin ɗakin awo.
Sewanu ya ce jikansa zai ci gaba da tuƙi
in akwai mai biya.
Yau da muka juyo, murfin biro ya suɓuce min,
ya yi ɗan iyo, ya cika, ya nutse.
Na bi shi da ido.
Can ƙasa, ƙwayoyin bana suna kan sauka,
suna neman arewa.