Minti Arba'in da Ɗaya

Tara da kwata, ruwan Sheffield na dukan taga,
ni ina bayan labule, wajen kan mara lafiya,
mazaunin mai sa barci.
Gordon Ollerenshaw, saba'in da uku,
tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe.
Babbar jijiyar cikinsa ta kumbura
kamar salkar da aka ɗura fiye da ƙima.

Idon kowa na kan jijiya.
Nawa na ƙasa, gefen gado,
kan 'yar jakar robar da ba mai ganin girmanta.

"Zan matse," in ji Dakta Pryce.
Ta matse. Agogo ya fara cin mu.

Na san wannan shirun.
A Kadawa, in an datse ruwa daga sama,
mahaifina kan tsuguna bakin fangali,
tumatir na sunkuyar da kai,
shi kuwa bai cewa uffan, lissafi yake:
wanne zai jure, wanne zai tafi.

Ƙoda ba ta da ƙararrawa irin ta zuciya.
Ita fushinta sai jibi,
sai an yi murna an watse.
Shi ya sa na fara lallashi tun kafin wuƙa:
ruwa a jijiya, sannu sannu,
allurar da na auna da nauyin jikinsa,
wani magani na tallafe bugun jini kada ya zube,
wani na ture shi gefe, yau ba ranarsa ba ce.
Manyanmu har gobe suna musu kan wanne ya fi.
Na ba da abin da na sani,
na ƙara da bismilla a ƙarƙashin takunkumi.

Ashirin.
Talatin da biyar, bututu a bushe.
Arba'in da ɗaya: "Zan saki."

Lambobi suka faɗi, na tare, suka miƙe.
Ana ɗinki ana hirar ƙwallo.
Ni na durƙusa kamar mai neman allura a tabarma,
gwiwata na ƙara,
sai ga shi,
ɗigo ɗaya, ruwan ɗorawa,
yana rarrafe cikin bututu kamar baƙon da bai san gari ba.
Na biyu ya biyo shi.

A baranda matarsa Maureen na riƙe da tabaraunsa.
"Zuciyarsa fa?" ta ce.
Na ce lafiya lau.
Ban gaya mata cewa fitsarin mijinta
shi ne abu mafi kyau da na gani a makon nan ba.