Abin da Sikeli Ya Faɗa

Ranar da muka kwashe kayan kaka Badrunnisa
daga ɗakin sama a unguwar Nakhas,
ni aka miƙa wa pandan ɗinta,
wai in sayar, a raba, kowa ya huta.

Na naɗe shi cikin tsohon mayafinta,
na ratsa lungunan Lakhnau da shi a ƙirji
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Murfinsa ƙubba, kifi biyu a goshi,
ɗaya ya makance don yawan shafar babban yatsa.

A ciki gurbi bakwai, kowane da mai shi:
nan farar ƙasa, nan jan kata ya bushe ya tsattsage,
nan supari, can kanumfari.
Almakashin yanka yana kwance a gefe,
bakinsa a rufe, shi ma takaba yake.

Ina ganin hannunta har yanzu.
Ta zare jijiyar ganye da farce,
ta shafa fari, ta bi da ja,
ta ninke kusurwa uku, ta soke da kanumfari.
Wanda ta miƙa wa, ya gyara zama.
Wanda ta rufe murfi a gabansa, ƙwas,
ba sai an nuna masa takalminsa ba.

Lala Harbans Rastogi ya ɗora shi a sikeli,
ya goga murfin a baƙin dutse, ya gyaɗa kai.
Ya goga farantin ciki, ya tsaya.
Ya sake gogawa.
"'Yata, murfi azurfa, gangar jiki azurfa,
amma faranti da kofuna bakwai ɗin nan
tagulla ce aka yi wa wanka."

Na ji kunya ta sauko mini har tafin ƙafa.
Na ce, ashe an cuci tsohuwa.

Bai tanka ba. Ya hau tsani,
ya sauko da littafin mahaifinsa mai jan bango,
ya lashi yatsa, ya yi ta juyawa.
Ga sunanta. Ga shi kuma. Ga shi kuma.
Kofin supari, watan da uwata ta shiga makarantar malamai.
Kofin kanumfari, zango na biyu.
Farantin kansa, shekarar jarrabawa,
da sharaɗi a gefe da ƙananan baƙaƙe:
a ƙera madadi, kada mai gida ya gane.

Shekara arba'in tana buɗe shi gaban baƙi,
tana goge tagullar da toka kowace Alhamis,
kai a sama, leɓe jawur,
ko uwata ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Lala ya ce, "In narka murfin?"
Wutarsa na huci a bayan shago.

Na mayar da mayafin yadda yake.
A ƙofar Akbari na sayi ganye goma, ɗanyu sharaf.
Wayata na ta kuka, yayana Shafaƙat ne,
yana son jin nawa aka taya.

Na bar ta tana kuka.
Na zauna a dakalin gida na ninke na farko,
ya warware.
Na biyun ya tsaya, a karkace,
farar ƙasar ta yi yawa, ta ƙone mini harshe,
na ci gaba da tauna.