Maɓallai a Kwalbar Zuma

Ranar da alƙali ya faɗi adadin a Toledo,
wata ɗari da tamanin da takwas,
na dawo gida ko takalmi ban cire ba.
Na zazzage gwangwanin ɗinkina a tebur,
kowane wata maɓalli guda,
na zuba su a kwalbar zuma.
Ba su isa ba.
Sai da na tsinke na rigar cocin marigayi babansa.

Sun ce Lamont ya mai da laifi sana'a.
Haka littafinsu ya tanada:
wanda ya taɓa faɗuwa sau biyu,
a na uku sai a ninka masa.
Ban musa ba, da hodar aka kama shi.
Ni na haife shi, ban ce wankakke ba ne.
Amma sana'ar da na san shi da ita
gyaran birki ce a titin Dorr,
baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Duk ɗaya ga wata in cire guda.
Nyla ta yi famfara, sababbi suka fito,
ta koyi rubuta sunansa a bayan ambulan.

A maɓalli na casa'in da ɗaya
wata lauya, Szabo, ta bugo waya,
murya kamar mai taka ƙanƙara.
Tsohuwar shari'ar nan, ta ce, ta yana ɗan sha tara,
riƙewa ce kawai, babu sayarwa.
Wani akawu ya ƙara kalma biyu,
mai rahoto ya kwafa,
lauyan gwamnati ya karanta,
namu ya gyaɗa kai yana duba agogo.
Da an lissafa daidai, sittin da uku ne.

Na zauna a matakala har ƙafata ta yi sanyi.

Muka rubuta. Amsa ta zo, shafi huɗu:
kotu ta ga kuskuren, ba ta ƙi ba,
sai dai shekara guda aka ba shi ya yi kuka,
ita kuwa ta wuce tuni.
Ashe kuskure ma, in ya tsufa,
sai a ba shi kujera.

Jiya ɗaya ga wata.
Na sa hannu, fari ya fito,
na rigar babansa, da guntun zare a jiki.
Nyla ta ce, Kaka, tunda su suka ɓata lissafi,
mu juye kwalbar mana.
Na dube ta, na dubi kwalbar.
Na ce, rufe ta da kyau,
ki miƙo min takarda da biro.