Kaya Daga Katmandu

Kwana uku alfadarai na hawan dutse,
kwalaye a bayansu, da tambarin gwamnati.
Muka tarbe su a bakin gada mai lilo,
har da tsofaffi masu sanda.

Sabon aji, rufin kwano shuɗi,
inda girgizar ƙasa ta cinye tsohon.
Malama Phulmaya ta goge hannu sau biyu
kafin ta taɓa kwamfutar farko.

Wuta fa? An ce sai baɗi.
Turakun na can gangare, ciyawa ta rufe su.

Duk safiya Norsang yakan ɗaga murfin,
ya ga fuskarsa a baƙin gilashi,
ya gyara hula,
ya danna sunansa harafi-harafi
a kan madannan da ba su farka ba.