Hawa na Bakwai

A can saman Andes, inda numfashi ke gajarta,
gonarmu hawa-hawa ce kamar matakala,
kowane hawa da katangar dutse a goshinsa.
Ta bakwai ce ta zube a wani daren Fabrairu,
ta kwashi dankalin shekara ta yi gangare da shi.
Da safe muka iske kunya ashirin kwance a ƙasa.

Kawu Melkor ne ya gyara ta bara.
Daga Lima ya zo, siminti buhu huɗu a bayan alfadari,
ya bi kowace kafa ta katangar ya liƙe,
ya cike bayanta da jan yumɓun bakin rafi
don shi ne kusa, shi ne kuma mai kama jiki.
Ya buga ƙirji: "Wannan sai jikokin jikoki!"
Kaka Yusebiya na kaɗin gashin alfaka a bakin ƙofa.
Mazarinta ya ɗan tsaya,
ya ci gaba da juyi. Ba ta ce uffan ba, ba ta dube shi ba.

Yau ita ce a gaba, sandarta na caka taɓo.
Ta durƙusa ta ɗebo, ta tofa yawu, ta murza.
"Nazariyo, kawo tafinka.
Ka ji mai ƙaiƙayi tsakanin yatsu? Yashi ke nan.
Rariya ne, ba ya riƙe amana,
ka ba shi tulu guda, kafin ka waiga ya sallame shi.
Wannan mai sulɓi kamar garin sha'ir
ruwa na sonsa, amma da gudu yake sace shi."

Sai ta yago jan nan na Kawu.
Ta mulmula shi, ya miƙe kamar igiya,
ta lanƙwasa shi zobe, ko tsagewa bai yi ba,
ta zura mini a ɗan yatsa.
"Ga marowaci.
Ya sha, ya hana na ƙasa, ya kumbura kamar cikin jaka mai ciki,
ya yi nauyi, ya jingina da dutse yana turi dare da rana.
Rani ya zo, ya tsuke, ya dare, sai ka zura hannu har gwiwa.
Ruwan da aka rufe wa ƙofa kuwa
da bango yake fita."

Kawu na tsaye, hularsa a hannu, yana kallon takalminsa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi.
Manyan duwatsu can ƙasa, masu baki-baki,
tsakuwa a kansu, kwando arba'in, ni na ƙirga,
yashi daga gaɓar kogi, har kafaɗata ta saɓule,
sannan baƙar ƙasar garke mai ƙanshin taki,
wadda in ka dunƙula ta dunƙule,
in ka latsa ta warware kamar dambu.
Kaka ta hana a taka ta da danshi.
"Tana da hanci," in ji ta, "kada ku toshe mata."

Katangar ta ɗan kwanta baya, ta jingina da tudu.
Kawu da kansa ya jera ta, ba ko cokalin siminti,
yana barin kafa tsakanin dutse da dutse,
daidai shigar ƙadangare.

Daren Laraba ruwa ya sauko da ƙanƙara.
Ban runtsa ba. Asuba na yi na hau da gudu.
Na tarar da Kawu ya riga ni, bargonsa sharkaf,
ya tsuguna a gindin hawa na bakwai,
ya tara hannu biyu a bakin wata kafa.
Ruwa na tsiyayowa, garai-garai, mai sanyin haƙori.
Ya kurɓa, ya miƙo mini saura.
Zoben yumɓun nan na aljihuna, ya bushe,
ya tsage gida biyu.